Ciwon zuciyar jego: daga asibitin Malam zuwa neman likita a Alƙahira

Aure ya kai ni Alƙahira, amma haihuwa gida nake zuwa. Maigidana yana digiri na uku a Azhar, yana kuma ɗan taɓa harkar aiko wa 'yan Kantin Kwari kaya. Muna zaune a Hayyul Ashir cikin Madinatu Nasr, unguwar da in kika fito da yamma sai kin ji ana Hausa a bakin titi. Da cikina na biyu ya kai wata bakwai na taho Kano wurin Umma a Gwammaja, na sauka lafiya a ƙarshen 2023, namiji. Aka yi suna, aka raba ƙauri, aka ɗora tukunyar wanka safe da yamma da ganyen darbejiya, kunun kanwa kuma ba ya yankewa a fulas.

Ban kai rabin arba'in ba na fara haki. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai na tsaya na dafa bango. Da dare ba na iya miƙewa a kwance, sai na jera filo a bayana na kwana a zaune, ga wani busasshen tari da ke tashina tsakar dare. Ƙafafuna suka kumbura har silifa ta daina shiga. Lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe gari, kowa a gidan yana tari, don haka nawa bai ɗaga wa kowa hankali ba. Gwaggo, yayar Abba, wadda ita ke yi min wanka, ta ce ban gasu ba ne, a ƙara wa ruwan wuta, a ƙara kanwa a kunu. Da zuciya ɗaya ta faɗa, haka ta yi wa matan gidanmu kaf suka tashi garau. Umma ce hankalinta bai kwanta ba. Wata safiya ta zauna a bakin katifa, ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta danna ƙwaurina da babban yatsa. Da ta ɗaga, ramin ya tsaya yadda yake, bai ciko ba har ta gama kallonsa. Ta ce, "Wannan ya wuce kumburin jego. Ɗauko mayafinki."

Wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa da gida aka fara kai ni. Aka ɗebi jini, aka ce maleriya ce da taifot, aka ɗaura min ruwa. A daren nan na ga tashin hankali, don jikin da ruwa ya riga ya yi wa yawa aka ƙara wa ruwa. Numfashi ya ƙi shiga, ina jin ƙirjina yana kurkur. Kafin kiran assalatu Yaya ya tayar da mota, muka nufi titin Zariya, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda muke ce wa asibitin Malam.

Likitan da ya fara ganina bai tsawaita tambaya ba. Ya sa abin sauraro a bayana, ya kishingiɗar da ni ya kalli jijiyar wuyana, ya ce, "Yaushe kika haihu?" Ina faɗa ya juya wurin nas ya ce kada a sake ƙara min ruwa, a yi min allurar Lasix mai fitar da ruwa ta fitsari, a sa min oksijin, a kira 'yan sashen zuciya. Na kwana ina fitsari, gari na wayewa na ji iska tana isa inda ta daina isa.

Sai aka yi min eko, hoton zuciya. Za a kwantar da ke a ɓarin hagu, a shafa miki wani mai mai sanyi a ƙirji, a riƙa goga kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Na karkata kai ina kallon allon. Na ga zuciyata tana motsi, amma motsin kasala, bangonta yana matsowa kaɗan ya koma. Likitan ya ce ta buɗe ta saki kamar robar wando da ta sha wanki, tana nan amma ba ta matsewa. Ya nuna min lambar da ake rubutawa EF a takarda, wato kason jinin da ɗakin hagu na zuciya ke turawa a kowane bugu. Mai lafiya yana tura kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Nawa 30. Idan lambar ta yi ƙasa da 45 ga mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma ba a ga wani dalili na daban ba, to shi ne gazawar zuciya ta jego, wadda likitoci ke taƙaitawa da PPCM.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda babu wanda ya yi mamaki. A ɗakin da aka kwantar da ni akwai wasu masu jego da irin ciwona, da jariransu a hannun kakanni. Daga baya na bi diddigi na gane dalili. Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa daga Zariya, suka danganta shi da wankan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙasansa, da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya samu cewa a Kano kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari tana zuwa da shi, alhali a Amurka ɗaya ce cikin dubbai. Binciken nasu ya kuma nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin da yawa daga cikin matan, tare da alaƙar ciwon da hawan jini na ciki da rama. Wannan bayani ya yi min amfani matuƙa daga baya, domin ya nuna min cewa a kan ciwona, likitan Kano ba ɗalibin kowa ba ne.

Maganar kunu kuwa, likitan da kansa ya yi wa Umma, cikin ladabi. Ya ce, "Hajiya, ba na ce kunun ne ya jawo ba. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, raunanniyar zuciya kuwa ba ta iya ɗaukar ruwa mai yawa. A ajiye shi, a rage gishiri da dunƙule, wanka kuma a yi da ruwa mai ɗumi kawai." Umma ce ta san yadda ta yi da Gwaggo. Na ji tana ce mata, "Yaya, hannunki ba shi da laifi, jikin ne ya zo da nasa." Gwaggo ba ta ƙara tayar da zancen ba, ita ce ma ta koma dama min kunun gyaɗa.

Da Malam, maigidana, ya ji labari, abin da ya fara cewa shi ne a sa ni a jirgi. A tunaninsa, kamar na mutane da yawa a Kano, Masar ake kai mai ciwon zuciya, ga shi kuma jirgin EgyptAir yana tashi daga nan kai tsaye. Likita ya ƙi. Ya ce sai ruwan ya tsane, sai na iya kwanciya a miƙe, na iya tafiya ba haki, sai magungunan sun zauna a jikina, domin mai jego da raunanniyar zuciya jininta yana saurin daskarewa, zaman awanni a kujerar jirgi kuwa yana ƙara haɗarin. Haka na wuce arba'in a gida ina shan Lasix, da enalafril, da metofrolol, da sifironolakton. Ya zaɓo su ne da sanin ina shayarwa, don haka ban yaye yaron ba.

Da tafiya ta matso na roƙi a rubuta min cikakken rahoto. Aka ba ni wasiƙar taƙaita jinya, da sakamakon eko da lambobinsa, Yaya ya sayo filashi aka zuba min hoton mai motsi, ga takardar isiji, gwajin bugun zuciya, ga gwajin ƙoda da fotasiyam da yawan jini. Magungunan kuma aka rubuta su da sunan sinadarinsu da miligiram, domin sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Ba sai an fassara komai ba, likitocin Masar da Turanci suke karatu, da shi suke rubuta rahoto. A zamanmu na ƙarshe likitan ya ce, "Idan kin isa, likitan zuciya kala-kala ne. Akwai mai buɗe jijiyar da ta toshe, akwai mai gyara bugu, akwai mai fiɗa. Ke mai kula da gazawar zuciya za ki nema, wanda zai zauna da ke wata da watanni yana daidaita magani." Na rubuta maganar nan a bayan fayil ɗina.

Mun isa Alƙahira a watan Fabrairun 2024. Kafin mu huta wani sanin Malam ya zo, cikin masu tarbar marasa lafiya daga gida tun daga filin jirgi, su nema musu masauki, su yi musu tafinta. Ya ce ya san babban asibiti, ya san likita, ba sai mun bi layi ba. Muka bi shi. Gini ne mai ƙyalli, ƙasa kamar ka ga fuskarka, ma'aikata cikin kaya iri ɗaya. Likitan ya karɓe mu da fara'a, amma fayil ɗin da na ɗauko tun daga Kano bai buɗe shi ba, ya ɗora hannu a kai yana magana. Ya rubuta a sake dukkan gwaje-gwaje, ya ce kuma za a yi min ƙasɗara, wato a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta matsematsi a leƙa jijiyoyin zuciya. Da aka kawo lissafi sai muka ga farashin baƙi daban yake da na 'yan ƙasa, daga baya kuma muka ji cewa mai rakiyar yana da nasa kason a ciki. Ban ce duk masu rakiya haka suke ba, akwai masu yi don Allah, kuma wanda ba ya jin Larabci yana buƙatarsu. Amma wanda ake biya a kan kawo ki wani wuri, wurin zai kai ki, ko ya dace da ciwonki ko bai dace ba.

Muka ce za mu yi shawara. Na ɗauki hoton takardar na tura wa Yaya, ya kai wa likitana a ranar kilinik. Amsar da ta dawo gajeriya ce: a shekaruna, ba ciwon suga, ba ciwon ƙirji, ciwon kuma ya faro ne bayan haihuwa, babu gaggawar ƙasɗara, in nemi ra'ayi na biyu. Da muka bincika sai muka ga likitan can ƙwararre ne a fannin buɗe jijiya, aikin da yake yi kullum ke nan, kuma na yi imani ga dattijo mai toshewar jijiya shi ne daidai. Ni ce ba tasa ba ce.

Daga nan muka zauna muka fara neman da kanmu. Alƙahira ba ta rasa asibitin zuciya ba. Akwai Ƙasrul Aini na Jami'ar Alƙahira, akwai Dimirdash na Jami'ar Ainu Shams a Abbasiyya, akwai Husaini da Sayyid Jalal na Azhar, akwai Cibiyar Zuciya ta Ƙasa a Imbaba. Duk wanda muka tambaya kuma sai ya ambaci cibiyar da Farfesa Majdi Yaƙub ya buɗe a Aswan a 2009, inda ake jinya kyauta. Amma Aswan tana can kudu, kusan kilomita 900 daga inda muke, kuma sunan da ta yi a fiɗa ta yi shi, musamman ta yara. Ni ba wuƙa nake buƙata ba, mutum nake buƙata da zan iya gani duk bayan sati biyu.

A nan muka fahimci yadda tsarin garin yake. A Masar likita ake fara nema, asibiti ya biyo baya. Manyan likitoci da safe suna asibitin jami'a suna koyarwa, da yamma kuma kowa ya buɗe iyadarsa, ɗan kilinik a hawa na uku ko na biyar na wani gidan bene. In kin ɗaga kai a manyan tituna za ki ga allunansu jere a jikin gini, kowa da muƙaminsa: akhissa'i shi ne mai digirin ƙwarewa, istishari ya fi shi, ustaz kuma farfesa ne a jami'a. Za ki biya kuɗin kashfi a zuwan farko, in kika dawo da sakamakon gwaji cikin kwanakin da suka ƙayyade sai a kira shi istishara, wasu ba sa karɓar komai, wasu su karɓi kaɗan. Allo dai kowa yana iya rubuta abin da ya so, don haka duk sunan da muka samu sai Malam ya duba shafin jami'ar ya ga ko da gaske yana cikin malaman sashen. Akwai manhajar Vezeeta da ake kama layin likita da ita. Ta taimaka mana wajen sanin farashi da lokacin buɗewa, amma yabon da mutane ke rubutawa a ciki yawanci a kan tsaftar wuri ne da tsawon jira, ba zai gaya miki ko likita ya san ciwonki ba.

Mutane biyu ne suka kai mu inda muke so. Malam ya nemi yaranmu 'yan Arewa da ke karatun likita a jami'o'in garin, waɗanda suka kai shekarun zagayen ɗakunan marasa lafiya. Bai tambaye su wane ne ya fi suna ba. Ya ce musu, "Da yayarku ce zuciyarta ta raunana bayan haihuwa, wa za ku kai wa a sashenku?" Ni kuma na koma wurin likitar matan da ta yi min awo a farkon cikin, na tambaye ta inda take tura masu ciki da ke da ciwon zuciya. Sunaye uku suka fito daga ɗaliban, ɗaya daga likitar mata, kuma nata yana cikin ukun nan. Wata farfesa ce, dattijuwa.

Iyadarta sai bayan magariba take buɗewa, mu kuma layi bai zo kanmu ba sai wajen sha ɗayan dare, wanda a Alƙahira ba dare ba ne. Sakatariyar tana zuba ammiyya, Malam yana mayar mata da Larabcin littafi, ni ce da na koyi na kasuwa nake shiga tsakani. Da muka shiga, Daktura ta miƙo hannu ta karɓi fayil. Ta sa tabarau, ta bi shi shafi-shafi da biro a hannu, tana ja wa lambobi layi. Ta sa filashin a kwamfuta ta kalli hoton Kano har sau biyu. Sannan ta ce Malam ya koma bayan labule, ta kwantar da ni ta yi min eko da hannunta, ta jera sabon hoton kusa da tsohon ta nuna min bambancin. Lambar ta hau zuwa 36. Ta ce likitana na gida ya yi abin da ya kamata, kuma ta karanta rubuce-rubucen da suka fito daga Nijeriya a kan ciwon, ta san mu muka fi su ganinsa. A lokacin na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata.

Na zo da tambayoyina a rubuce, ban kuma ji kunyar karanto su ba. Na tambaye ta ko tana ganin mata masu irin wannan ciwo, ta ce tana gani, ba da yawa ba, galibi daga sashen haihuwa ake turo mata su. Gaskiyar nan ta fi min daɗi da a ce ta cika baki. Na tambayi ƙasɗara, ta ce ba yanzu ba, ta kuma faɗi alamomin da in sun bayyana za ta canza shawara. Na tambayi wani magani da na ji ana ambata, buromokiriftin, ta ce yana tsayar da ruwan nono, a farkon ciwon ake tunanin bayar da shi tare da maganin tsinka jini, ni kuwa na wuce wannan matakin kuma ina samun sauƙi. Ta ce akwai sababbin magungunan gazawar zuciya da ba a ba mai shayarwa, in na yaye kuma lambar ba ta hau ba za mu koma kansu. Duk abin da ta faɗa sai ta kawo dalilinsa, in ban gane ba ta zana a takarda.

Aikin da ya biyo baya ba shi da armashi ko kaɗan, amma shi ne jinyar. Duk bayan sati biyu zuwa uku in je, ta auna jini da bugu, ta ƙara ƙwayar metofrolol ko enalafril kaɗan, ta aike ni gwajin ƙoda da fotasiyam, domin enalafril da sifironolakton in sun haɗu suna iya ɗaga fotasiyam har ya yi illa. Ta hana ni ibufurofen da dikilofenak, magungunan ciwon jiki da muke sha ba tunani, ta ce suna riƙe ruwa su taɓa ƙoda. A can ma kamar gida ne, kemis zai ba ki abin da kika tambaya, har ƙofar gida za a kawo miki, don haka tsarewar a hannunki take. Ta sa muka sayi sikeli, kullum da safe bayan na fito daga banɗaki in hau in rubuta a littafi. Ta ce in nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne, in kira ta.

Ranar ta zo kuwa. Maƙwabciyarmu Bamisiriya ta yi hidimar biki, kwanaki a jere tana aiko mana da abinci, ga ɗurshi, kayan lambun nan da suke jiƙawa a ruwan gishiri, ga cukunsu mai ɗan karen gishiri. Ban ji haki ba, amma littafin ya nuna nauyi yana hawa, zobena kuma ya matse. Na tura mata hoton shafin a WhatsApp. Ta ce in ninka Lasix na 'yan kwanaki, in zo a duba jini. Ko kwana ɗaya ban yi a gadon asibiti ba.

Zancen asibiti kuwa da tambaya ɗaya muka warware shi: "Daktura, in abu ya tashi da tsakar dare, ina za mu je ki same mu?" Ta faɗi asibitoci biyu da take kwantar da marasa lafiyarta, na jami'a da wani na kuɗi. Malam ya je ya gan su da idonsa. Ya tambaya ko suna da ɗakin kulawa ta musamman na masu ciwon zuciya, da likita a ciki dare da rana, ko ana iya yin eko da dare, da nawa ake ajiyewa kafin a ba baƙo gado, don a asibitin kuɗi wannan ajiyar ita ce ƙofa. Ya kuma hau tasi daga gida a lokacin da hanya ta fi cushewa don ya san ainihin nisan. Muka zaɓi wanda ya fi kusa, muka ware kuɗin ajiyar a ambulan ba ma taɓawa. A jikin firij muka manna takarda da sunan asibitin da Larabci, da lambar Daktura, da jerin magungunana, da 123, lambar motar asibiti a Masar, saboda ko Malam ba ya nan maƙwabta su san inda za su nufa da ni.

Kuɗi ya ba mu wuya, ba mu da inshorar da ta ɗauki irin wannan jinya. A farkon Maris na 2024 aka saki fam ɗin Masar, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda, naira kuma a lokacin tana nata faɗuwar. Magunguna suka riƙa yankewa a kemis. A nan rubutun sunan sinadari ya cece mu, in babu na wannan kamfani sai mai kemis ya kawo na wani, in tura wa Daktura hoton kwalin kafin in sha. Azumi ya kama a satin da ya biyo baya. Ta ce bana ban da ni, ga shayarwa, ga maganin fitsari, ga magungunan da ba a gama daidaitawa ba. Malam da ya fi ni sanin hukuncin ya ce rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya don irin wannan ne. Na sha, ina kallon mutanen gida suna buɗa-baki, raina ba daɗi, amma na sha.

Magana mafi nauyi ta ajiye ta sai ranar da ta tabbatar Malam yana zaune. Ta ce ciwon yana iya dawowa a wani cikin, kuma ga wadda zuciyarta ba ta koma daidai ba, wato EF bai kai 50 ba, haɗarin babba ne har ga rai. Ta ce enalafril ma yana cutar da ɗan tayi, don haka ciki ba zai zo da ba-zata ba. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estirojin ba su dace da ni ba saboda daskarewar jini, sai ashanar hannu ko robar mahaifa. Malam ya yi shiru, sannan ya ce, "Lafiyarta ce gaba." Na gode wa Allah da ya sa a gabansa aka faɗa, daga bakin likita, da yaren da yake ji. Mata da yawa a gida su kaɗai ake gaya wa, su koma su rasa ta inda za su fara.

Wata shida bayan haihuwa lambar ta kai 44. Da yaron ya shekara ta kai 52. Yanzu haka ina Kano hutu, na kuma koma asibitin Malam da fayil ɗin da ya ninka kauri. Likitana ya karanta rahoton Daktura kamar yadda ta karanta nasa, ya amince da tsarinta, ya ƙara nasa bayanin a ƙasa don in mayar mata.

Tun da na zo mata ke shigowa gaishe ni, kuma kusan kowacce sai ta tambaya wane asibiti ne ya fi kyau a Masar, don akwai wata 'yar'uwa ko maƙwabciya da ke haki. Abin da nake fara tambaya shi ne ko an yi mata eko. Yawanci ba a yi ba, ana dai ta haɗa kuɗin biza da na jirgi. Ina ce musu a fara kai ta wurin likitan zuciya a nan, asibitin Malam ko Murtala ko Nassarawa, a san sunan ciwon da lambarsa. Idan irin nawa ne, maganinsa yana nan cikin gari, tafiya ma tana iya yi mata illa. Idan kuma abu ne na fiɗa ko na bawul, wato ƙyauren ƙofofin zuciya, da likita ya ce a fita da shi, to a fita da rahoto a hannu, an san irin ƙwararren da ake nema tun kafin a sauka. Ni zama ne ya mayar da ni Alƙahira, gidana yana can. Mai jegon da ta kasa kwanciya a miƙe, ko ƙafarta ta riƙe ramin yatsa, ranar nan ya kamata a kai ta, ba sai an yi arba'in ba.

Ban daina shan magani ba. Likitocin nawa biyu duk sun ce hawan lambar ba ya nufin a ajiye ƙwaya, in ma za a rage sai a hankali ana bi da eko. Na gaba an sa min shi bayan wata shida, a lokacin mun koma, don haka Daktura za ta yi, Yaya ya kai wa na Kano kwafi. Maganar wani cikin kuwa sun ce a dakata tukuna, in lokacin ya yi za a zauna da likitan zuciya da ta mata a canza magungunan kafin a cire ashanar.